Layin Mai da Jirgin Cikin Waya



Wata ranar Laraba da yamma na tari a daidaita sahu daga Kabuga zan shiga cikin gari. Ba mu yi nisa ba direban ya ce in yi masa haƙuri, mai ya yi ƙasa, zai ratse ya sha. Muka tarar da ɗan layi, babura huɗu ko biyar a gabanmu. Ya kashe inji, ya zaro waya daga aljihun gaba. Ina zaune a baya ina hango fuskar wayar ta saman kafaɗarsa. Wani ɗan jan jirgin sama ne yake tashi, lamba tana hawa tare da shi, can sai jirgin ya yi fiu ya ɓace, a sake sabon lale. Kafin layi ya zo kanmu jirgin nan ya tashi ya ɓace ya fi sau goma. Da muka isa bakin famfo, mai zuba man ya ce na nawa za a sa. Yaron ya yi jim, sannan ya ce a sa na dubu biyu. Ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Wallahi Baba, na dubu biyar na yi niyya."

Na ce, "To ɗana, me ya kai ka?"

Ya ce, "Baba, lissafi ne ya daina fita. Da, da dubu biyu nake shan man da zai kai ni dare. Yanzu man nan sai na ajiye wajen dubu goma. Ga balas ɗin mai babur, ko ka samu ko ba ka samu ba sai ka kai. Fasinja kuma rabi sun koma takawa da ƙafa. In na tashi aiki da dubu uku a hannu, ba ta yin cefane, ba ta sayen taya, ba ta komai. To ba gara in gwada ba, ko Allah zai sa ta zama dubu talatin?"

Wannan maganar tasa ce ta sa na zaɓi batun yau. Kuɗin da ya yi kaɗan ya biya buƙata, amma ya isa a zuba shi a caca. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu ɗan tuna yadda aka faro. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023, a jawabinsa na karɓar mulki a dandalin Eagle da ke Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin ranar, ana sayen lita a wajen naira 185 zuwa 195 a gidajen man da ke bin farashin gwamnati. Cikin kwana biyu ta haura 500 a nan Arewa. A watan Yuli ta kai 617 a Abuja. Zuwa Oktoban 2024 lita ta ƙetare naira dubu a gidajen man NNPC na Abuja. Ta ɗan sauko daga baya, bayan matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur, amma ko kusa ba ta koma inda ta taso ba. A wannan tsakanin ne kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500. An ƙara mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024, daga dubu 30 zuwa dubu 70, kuma an yi ta yabon ƙarin. Sai dai ku auna shi da mai. Dubu 30 a farashin 185 tana sayen lita 162. Dubu 70 a farashin naira dubu tana sayen lita 70. Albashi ya ninka fiye da sau biyu, man da yake saya ya ragu da fiye da rabi.

To a hankalce, idan aljihu ya rame haka, abin da mutum zai fara yankewa shi ne abin da ba dole ba. Caca kuwa ai tana sahun gaba a abin da ba dole ba. Ashe kenan ya kamata a ce tsadar mai ta kashe kasuwar caca. A wasu wurare ma hakan ta kan faru. Ɗauki Las Vegas, babban birnin caca na Amurka, wanda ke tsakiyar hamadar jihar Nevada. Ɗimbin masu zuwa can da mota suke tahowa daga yankin Los Angeles, tafiyar kilomita 400 da ɗoriya. A tsakiyar 2008, da galan ɗin fetur ya haura dala 4 a Amurka, ga kuma karayar tattalin arziki ta shigo, kuɗin shigar gidajen cacar Nevada ya faɗi a shekarar. Dalili a fili yake: sai ka ƙona mai kafin ka isa inda za ka ƙona kuɗi, kuma kuɗin man ya kan sa mutum ya yi tunani sau biyu. Amma a 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Da galan ya kai dala 5 a watan Yunin 2022, a jihohi da yawa ɗan caca ba ya buƙatar tayar da mota. Gidan cacar yana cikin aljihunsa.

Mu a nan dama ba mu da wani Las Vegas da ake ɗaukar mota a tafi. Abin da muka sani shi ne karta a zauren wani gida ko a bayan tasha, da 'yan ludo na kuɗi, sai daga baya shagunan cacar ƙwallo suka shigo, masu alamar Bet9ja da BetKing da ire-irensu, ga kuma Baba Ijebu na masu buga lamba, wanda ya fi ƙarfi a Kudu da unguwannin baƙi. Shagon cacar ƙwallo kuwa ɗan janareta ne, haka ma ɗan uwansa gidan kallo. Allon talabijin uku ko huɗu, kwamfuta, injin buga tikiti, fanka, duk a kan ƙaramin janareta suke tun safe har dare, tunda wutar gwamnati ta zama baƙuwa. Da mai ya ninka sau biyar, mai gidan kallo ya ƙara kuɗin shiga, mai shago ya rage awannin kunna inji. Shi ma mai zuwa, idan shagon yana wata unguwa, sai ya lissafa kuɗin a daidaita zuwa da dawowa. Wanda zai buga tikitin naira 200 ba zai biya 600 na mota ba. Sai ya zauna a gida, ko a majalisa, ko a kan babur ɗinsa a layin mai, ya buɗe waya.

Kuma komai ya riga ya shirya masa. Ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya tilasta wa mai shayi da mai nama da ɗan a daidaita buɗe asusun waya, OPay ne, PalmPay ne, Moniepoint ne. Mutanen da a da ba su taɓa tura sisi ta waya ba suka ƙware a cikin 'yan makonni. Wannan ci gaba ne, ban ce ba ci gaba ba ne. Sai dai ƙofar da fasinja yake biyo wa ya biya ka kuɗin mota, ita ce dai ƙofar da kuɗin yake fita zuwa kamfanin caca, danna biyu kacal a tsakani. Hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, amma duk da haka datar buga caca na wuni guda ba ta kai kuɗin rabin litar mai ba.

Wani zai ce to mene ne bambanci, caca ai caca ce, a shago ko a waya. A wajen hukunci haka ne, kuma malamai sun sha karanta mana ayoyin Baƙara da Ma'ida da suka jera caca tare da giya. Amma a wajen ɓarna akwai bambanci babba, kuma a nan nake so mu ɗan zauna.

Shago yana da birki iri-iri wanda ba mai shagon ne ya sa ba. Akwai nisa. Akwai lokacin rufewa. Akwai kuɗi a hannu, wanda kana gani yana raguwa, kana jin aljihu yana sauƙi. Sannan akwai kunya, wadda ta fi duka ƙarfi a ƙasar Hausa. Saurayin da zai shiga shagon caca sai ya duba gabas ya duba yamma, kada abokin babansa ya gan shi, kada labari ya kai gidan da yake neman aure. Magidanci mai mutunci a masallacin unguwa ba zai ma doshi wurin ba. Mace kuwa ba a ma maganarta. Waya ta cire waɗannan gaba ɗaya. Mutum yana zaune a tsakiyar iyalinsa, ana zaton saƙo yake dubawa, alhali kuɗin makarantar yara ne yake tashi sama.

Sai kuma gudu. Tikitin ƙwallo na asali yana da jinkiri a jikinsa. Ka buga ranar Juma'a, ka jira wasannin Asabar da Lahadi, ka ci ko a cinye ka, sau ɗaya a mako. Daga baya aka kawo ƙwallon kwamfuta, wadda babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinta, inji ne yake buga wasan ya gama a cikin 'yan mintuna, a sake wani. Yanzu kuma ga jirgin nan da na gani a hannun direbana, wanda ake kira Aviator. Zagaye ɗaya yakan ƙare a cikin daƙiƙoƙi. Ka zuba kuɗi, jirgi ya tashi, lamba tana hawa, ninki ɗaya da rabi, ninki biyu, ninki uku. In ka danna ka fita kafin ya ɓace, ka ci. In ka tsaya kwaɗayin ƙari ya ɓace, kuɗinka ya bi shi. Dabarar da ke ciki ita ce an bar maka maɓalli a hannu, don ka riƙa jin cewa kai ne da laifi, ba wasan ba. Da na danna da wuri, da na ƙara haƙuri kaɗan. Alhali inda jirgin zai ɓace inji ya riga ya yanke shi kafin ka ɗora yatsa.

Kamfanin da ya ƙirƙiri wasan bai ɓoye lissafinsa ba. Ya ce cikin kowace naira 100 da aka zuba, 97 ce take komawa ga masu bugawa idan aka haɗa su gaba ɗaya, 3 ta gida ce. Uku cikin ɗari, ka ce wannan ai ba komai ba ne. To amma ba sau ɗaya ake bugawa ba. In ka ɗauki kuɗinka kana juya shi, abin da ya dawo ka sake zubawa, a matsakaicin lissafi bayan juyi 23 rabinsa ya tafi. Juyi 23 kuwa a wasan da ke ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, bai kai tsawon layin mai ɗaya ba. Haka faifan nan da ake juyawa a gidajen caca, wanda yanzu shi ma yana cikin waya: gida 37 gare shi, amma in ka dace ana biyan ka ne kamar gida 36 ne. Irin wannan ɗan gibin ne ya gina dogayen benayen Las Vegas.

Su kuma masu dogon tikiti, masu jera wasa goma ko ashirin da naira ɗari suna hangen miliyoyi, ga nasu lissafin. A ce kai gwani ne, kowane wasa ka zaɓa kana da tabbacin kashi 80 cikin ɗari zai shigo. Wannan ƙwarewa ce da ko masu sharhin ƙwallo ba su da ita, amma mu bar maka. In ka jera goma, damar duka su shigo ta koma kusan ɗaya cikin goma. In ka jera ashirin, ta koma kusan ɗaya cikin casa'in. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne a majalisa: wasa ɗaya ne ya yanke min. Kowa wasa ɗaya ne ya yanke masa. Ban taɓa jin wanda ya zo ya ce wasa bakwai ne suka yanke masa ba, wannan tikitin a shiru ake yaga shi. Kuma wannan saura ƙiris ɗin shi ne ƙugiyar. Wanda ya faɗi da nisa yana iya haƙura, wanda ya ga kamar ya taɓa da yatsa gobe da sassafe zai dawo.

Yanzu mu koma kan maganar direbana. Abin da tsadar mai ta canza ba wurin bugawa kaɗai ba ne, ta canza niyyar mai bugawa. Akwai wanda yake buga ɗari biyu don ya ƙara wa kallon wasan Arsenal armashi. In ta tafi ya yi tsaki ya manta. Wannan ɗan nishaɗi ne, kuma irinsa ne tsada take kora, don in abu ya yi wuya nishaɗi ake fara ajiyewa. Wanda tsada take jawowa daban ne. Shi yana da rami ne da yake son cikewa kafin magariba: balas bai cika ba, kuɗin haya ya zo, an rubuta magani. Ya shiga da dubu uku yana neman dubu goma. Irin wannan ba ya iya tashi idan ya faɗi, domin yanzu ramin ya zama dubu goma sha uku, kuma ba ya iya tashi idan ya ci dubu shida, domin ba ta kai ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Kamfanonin nan kuwa sun iya miƙa takobi: ga kyautar maraba, ga ninkin kuɗin farko, ga saƙo da tsakar dare cewa an yi kewarka.

In asusu ya ƙare, maƙwabcinsa a cikin wayar shi ne manhajar ba da bashi, wadda ke turo kuɗi cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, in ka gaza biya wasunsu su bi lambobin da ke wayarka suna tona maka asiri. Kunyar da ka guje wa a ƙofar shago sai ta iske ka har gida, ta wayar surukinka. Daga nan sai taɓa kuɗin adashi, sai jarin mai ɗaki, sai balas ɗin mai babur, har a ƙwace babur ɗin. Kuma ba caca kaɗai ke cin wannan kasuwa ta matsi ba. Mun ga yadda gari ya ɗauka da danna waya a 2024, lokacin wasan Hamster Kombat, yaro da babba ana ta ƙwanƙwasa allo wata da watanni, ranar rabo da yawa suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Mun ga manhajar zuba jari ta CBEX da ta rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025, kamar yadda MMM ta yi a ƙarshen 2016. Duk kifi ɗaya ake kamawa, ƙugiya ce kawai ake canzawa.

Hukuma fa? A ƙarshen 2024 Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, bayan koke-koken iyaye da masu unguwanni. Ranar 22 ga Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi dokar caca, dokarta ta 2005 a Abuja kaɗai za ta yi aiki. Wato yanzu wuƙa da nama suna hannun jihohi. Jihar da ta ga dama ta halatta ta karɓi haraji, kamar Legas, wadda ta ga dama ta hana. Ni ban ga laifin rufe shago ba, musamman wanda ke kusa da makaranta. Amma a gaskiya kwaɗon da aka sa a ƙofar shago ya zo ne a lokacin da tsadar mai ta riga ta kwashe rabin aikin, masu bugawa sun fara ƙaura. Ɗan Hisbah zai iya rufe shago a Sabon Gari ko a Badawa, ba zai iya rufe wayar da ke ƙarƙashin matashin kai ba, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin yana Legas ko ma wata ƙasar.

Inda abin zai taɓu shi ne hanyar kuɗi da hanyar talla. A Ingila, tun Afrilun 2020 aka hana yin caca da katin bashi, kuma bankuna da yawa sun sa maɓallin da mutum zai danna da kansa ya toshe duk wani biya zuwa kamfanin caca, in ya so buɗewa sai ya jira kwanaki. Wannan jiran shi ne birkin da waya ta cire, aka mayar da shi. Ba abin da zai hana gwamnonin Arewa su zauna da Babban Banki da kamfanonin asusun waya su nemi irin wannan. Haraji kuwa, Ghana ta gwada: ta sa kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a 2023, matasa suka yi ta ƙorafi har ya zama batun yaƙin neman zaɓe, gwamnatin John Mahama ta soke shi a 2025. Sai kuma masu barkwanci da fitattun fuskoki na TikTok da Facebook da ke tallata lambar shiga da harshen Hausa, suna nuna hoton cin da aka yi, ba sa nuna na faɗuwa. Su ana biyan su ne don su jawo sabon shiga.

Iyaye kuma, abin da zan roƙa kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtuka, a babi ɗaya da jarabar ƙwaya. Yaron da ya kai matakin sata a gida don ya rama abin da aka cinye, duka da gori ba sa warkar da shi, sai dai su koya masa ɓoyewa. A karɓe ragamar asusun daga hannunsa, a biya bashin kai tsaye ga mai bashi ba ta hannunsa ba, in abin ya yi tsanani a kai shi wajen likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, ba tare da jin cewa an tona asiri ba. Kai kuma da kake saurare na da waya a hannu, ba sai ka gaya wa kowa ba, buɗe tarihin asusunka na wata uku, haɗa abin da ya fita zuwa can, cire abin da ya dawo, sannan ka raba saura da farashin lita.

Direbana dai ya sauke ni a Mandawari ana kiran magariba. Na zaro waya na ce ya ba ni lambar asusunsa in tura masa. Ya girgiza kai ya ce, "A'a Baba, in da hali ba ni a hannu. In ya shiga wayar nan ba ya kwana." Na laluba aljihu na haɗa masa, ya ninke ya cusa a ƙarƙashin hula, ya ja babur ya nufi Ƙofar Na'isa da man lita biyu a tanki.